Wanda ya karye da kuɗinka: ba ranar rufe shari'a ake fara ƙorafi ba

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa daga Damagaram. Muna roƙon fili a jaridarka domin wata magana da ta shafi duk mai ba da kaya bashi, daga Kasuwar Dole har Matamaye da Magarya. Ɗan kasuwa ya karye, magana ta kai kotu, an saida ɗan abin da ya rage, alƙali ya rufe fayil. Mai bin bashi ya zo daga baya yana cewa shi bai yafe ba, zai bi kuɗinsa ko shekara nawa. A da yana da gaskiya. Yau doka ta sake, kuma yawancin ƴan kasuwarmu ba su ji labari ba.

Dokar da ke aiki a nan ita ce ta OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka 17 masu dokar kasuwanci ɗaya, da Nijar ke ciki. An kafa dokar karayar arziki a 1998, aka sake mata fasali a 2015. A tsohuwar, in an rufe shari'a saboda dukiyar ba ta kai bashin ba, kowa ya koma ya kama wuyan wanda yake bi. A sabuwar, aya ta 174 ta juya maganar: rufewar ba ta mayar wa masu bin bashi damar ƙarar mutumin ɗaya bayan ɗaya, sai a wasu halaye da aka ƙidaya. Ba ɗan kasuwa kaɗai wannan ya shafa ba, har mai sana'ar hannu, manomi da duk mai aikin kansa. Ma'aikacin albashi da bashin cefane ya yi wa katutu ba ya ciki.

To mai bin bashin da ya tabbata an zalunce shi, me zai yi? Amsar ta fara tun ranar da aka buɗe shari'a. Daga ranar an tsayar da ƙarar kowa, kotu ta naɗa alƙali mai kula da fayil da kuma sandik, wato wanda zai tattara dukiya da basussuka. Za a buga sanarwa sau biyu a jaridar sanarwar kotu. Daga ta biyun kana da kwana 60 ka kai wa sandik bayanin bashinka. Wanda ke zaune wajen Nijar, kamar mai atamfa a Kantin Kwari ko mai hatsi a Dawanau, yana da kwana 90. Wa'adi ya wuce, ba ka cikin rabo, sai in ka nuna wa alƙali cewa latti ba laifinka ba ne, kuma tun kafin a kammala jerin masu bin bashi. "Ban karanta jarida ba" hujja ce mai rauni ƙwarai.

A nan ne ake faɗuwa. Mutum ya ba da buhu 200 na shinkafa a kan amana, shaidarsa layi ɗaya ne a littafin da ke ƙarƙashin teburin shago: suna, kwanan wata, adadi, wani lokacin da ajami, an soke wani wuri an sake rubutawa da biro na daban. Tsakanin ƴan kasuwa doka ta yarda a kafa hujja ta kowace hanya, don haka littafin ba shara ba ne. Amma a haɗa shi da faktir, da takardar da yaron shago ya sa wa hannu ranar sauke kaya, da resin kuɗin da aka taɓa turowa, da saƙon murya na WhatsApp inda mutumin ke cewa "Alhaji a ƙara mini haƙuri zuwa bayan Salla". Wannan saƙon amsa bashi ne, kada a goge shi. A rubuta asalin kuɗin, abin da aka biya da abin da ya rage, a faɗi ko akwai jingina. A kuma tuna bashin cinikin kaya tsakanin ƴan kasuwa yana mutuwa bayan shekara 2 in ba a yi ƙara ba kuma mai bashin bai amsa shi ba. Haƙurin da muke yi da juna don kunyar ido yana iya cinye wa'adin nan ba a sani ba.

In an ajiye jerin a wurin girefiye, wato magatakardan kotu, ka je ka duba da idonka. An rage naka ko an ƙi shi, kwana 15 ne kawai na ƙalubalanta. Kada ka tsaya kan sunanka, duba na sauran. In ka ga ƙanen matarsa ya fito da bashin miliyon 8 alhali kowa a layin ya san bai taɓa riƙe jaka ɗari ba, ka sami bakin zare. Amsa bashin ƙarya don a rage rabon jama'a yana cikin laifuffukan da ke rushe kariyar da aya ta 174 ta bayar.

Abin da ya fi yawa shi ne ɓoye dukiya. An san yadda ake yi. Sati biyu kafin labari ya fito, a-daidaita-sahu na jigila bayan sallar isha'i, sito ya koma fanko sai kwalaye a jere a gaba don rufe ido. Fili a bayan gari ya koma sunan ɗa mai shekara 12. Mota an "saida" wa aboki a rabin kuɗinta, amma makullin na aljihun mai ita. Doka ta san wannan wasan. Kotu na tsayar da ranar da mutum ya kasa biyan bashi, tana iya komawa baya har wata 18 kafin hukuncin buɗe shari'a. Kyautar da aka yi tsakanin wannan rana da hukuncin, da cinikin da aka karya farashi a fili, da biyan bashin da lokacinsa bai yi ba, da jinginar da aka ƙulla wa tsohon bashi, duk ba sa aiki a kan masu bin bashi. Kyautar wata 6 kafin ranar ma alƙali na iya rushe ta. Sai dai sandik ne kaɗai ke shigar da wannan ƙara, ba kai ba. Aikinka ka kai masa abin da zai riƙe: lambar mota, lambar fili, ranar da aka kwashe kaya, sunan wanda ya gani. In ka gano inda aka jibge kayan, ka kira wisiye, wato jami'in shari'a mai kai sammaci, ya rubuta abin da idonsa ya gani. Ka ba sandik a rubuce, ka karɓi shaidar ya karɓa, ka aika wa alƙali mai kula da fayil kwafi. Sandik na da fayil da yawa, kuma shi ba ɗan layinku ba ne. Abin da ba a kai masa ba, da wuya ya tono shi. Masu bin bashi na iya neman a naɗa wasu daga cikinsu su sa ido kan aikinsa, kuma a ganinmu wannan dama ce da ake bari tana wucewa a banza.

In zamba ta tabbata a gaban kotu, ko aka yanke wa mutumin hukuncin haramta kasuwanci, wanda ke iya kai shekara 10, ko kotun laifi ta same shi da laifin karyewar ganganci, to kowa ya dawo da damar binsa. Haka in an taɓa rufe masa irin wannan shari'a ƙasa da shekara 5 kafin a buɗe ta yanzu. Mai bin bashi na iya kai shi kotun laifi da kansa, amma a yi hattara: in aka wanke shi, kuɗin shari'ar na wuyan mai ƙara. Zargi na majalisar shayi ba ya isa. Ƴan uwan da suka taya shi ɓoye kaya su ma doka ta tanadar musu hukunci.

Akwai tarkon da mai bin bashi ke haƙa wa kansa. Da ya ji ƙishin-ƙishin, sai ya zo da mota ya kwashe firiji da janareto a madadin kuɗinsa, ko su shirya a ɓoye a biya shi shi kaɗai. Sandik na iya sa ya dawo da su, ya koma layi kamar kowa. Dabam ne da wanda ya ba da kaya ajiya ko a saida masa: in kayan na nan da kamanninsu, yana neman abinsa, cikin kwana 90 daga sanarwa ta biyu. Malamanmu na Malikiyya sun san irin wannan hukunci tun daga hadisi, cewa wanda ya tarar da kayansa a hannun wanda ya karye shi ya fi cancanta da su.

A yi lissafi kuma kafin a shiga. A ɗauka bashin marasa jingina miliyon 20 ne, bayan an cire kuɗin shari'a, albashin ma'aikata da haƙƙin masu jingina, miliyon 3 ta rage. Mai bin miliyon 2 jaka 300 zai samu. In mutumin gobara ce ta cinye shi ko faɗuwar naira ta karya masa jari, babu filin da aka ɓoye, kuɗin lauya zai fi abin da za a ƙwato, kuma aya ta 280 ta Baƙara ta riga ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Hukuncin kotu ƙara ya hana, bai hana mai mutunci ya biya ba in Allah ya buɗa masa. Wanda kuma ya tsaya wa mai bashi, rufe fayil bai sallame shi ba, ana binsa, muddin tsayawar a rubuce take da adadin kuɗin da hannunsa. In bai iya rubutu ba, sai da shaidu biyu. "Ni na tsaya masa" ta fatar baki a gaban shago ba ta ɗaure kowa a kotu. In kuma bayan rufewa aka gano wata dukiya, ana iya neman a sake buɗe fayil, amma mai nema ne zai ajiye kuɗin aikin.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, da gidajen rediyon Damagaram: sanarwar nan da kwana 60 ke bi da Faransanci take fita, a shafin da ɗan Kasuwar Dole ba ya buɗewa. Ku riƙa ɗauko ta kuna bugawa da Hausa, da sunan sandik, da inda ofishinsa yake, da ranar da wa'adin zai cika.

Wasu masu aikin shari'a da lissafin kasuwanci,
Damagaram