Sanarwar zaman bita kan sassan ƙwaƙwalwa da alamomin cuta

Assalamu alaikum, ƴan'uwa ɗaliban likitanci da ma'aikatan jinya. Da fatan kowa yana lafiya.

Zaman bitarmu zai gudana ranar Asabar mai zuwa bayan sallar la'asar, a ɗakin da muka saba haɗuwa a Ƙofar Ƙaura. Za mu tattauna yadda alamar da majinyaci ya zo da ita take nuna wurin da ya taɓu a ƙwaƙwalwa, domin da yawanmu mun haddace sunayen sassa, amma a bakin gadon majinyaci sai kai ya kulle.

Da mai shanyewar ɓarin jiki za mu fara. Idan hannu da ƙafar dama suka mutu, a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ake neman raunin, saboda jijiyoyin motsi suna tsallakawa ne zuwa ɗaya ɓangaren a gindin ƙwaƙwalwa. In yana gane abin da ake faɗa masa amma kalma ta ƙi fita, sai a tuna wurin ƙwaƙwalwa mai kula da furta magana, wanda likitan Faransa Paul Broca ya bayyana a 1861. Wurin da likitan Jamus Carl Wernicke ya bayyana a 1874 daban ne, domin in shi ya taɓu magana tana zuba amma babu ma'ana, kuma a ganina shi ya fi buƙatar lokacinmu, tunda dangi sukan ɗauka taɓin hankali ne.

Kowa ya zano ƙwaƙwalwa da hannunsa a takarda, ya zo da bayanin majinyaci ɗaya ba tare da sunansa ko unguwarsa ba. Wanda ba zai samu zuwa ba ya sanar a nan kafin daren Juma'a.

Allah ya ƙara mana basira. Na gode.

Sakataren rukuni