Barney Stinson ba abin burgewa ba ne

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili in yi magana kan Barney Stinson na cikin shirin barkwancin Amurka How I Met Your Mother, wanda tashar CBS ta nuna daga 2005 zuwa 2014. Gayen kullum cikin kwat yake, ga iya zance, amma fa maƙaryaci ne na ƙarshe, har littafin dabarun yaudarar mata gare shi, yau ya canza suna gobe ya ƙirƙiro sana'ar da bai taɓa yi ba. Abin da ke damuna yadda masu kallo ke tafa mishi alhali yaron da ya taso babu uba ne, budurwarshi Shannon ta gudu ta bar shi, ciwon nan yake hucewa kan 'ya'yan mutane. Ko aurenshi da Robin ma ai saki ya ƙare.