Saƙo ga 'yan uwa mazauna Birtaniya, musamman masu hangen kujerar kansila

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu. Gida lafiya lau, dattawa suna miƙo gaisuwa.

Labari ya iso mana cewa wasu matasanmu sun fara yankar katin jam'iyya a can, har da masu niyyar tsayawa takarar kansila. Madalla, Allah ya yi jagora. Dama ɗan Najeriya mai takardar izinin zama yana da 'yancin jefa ƙuri'a a Birtaniya, albarkacin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila. Sai dai kafin a buga fosta, muna so a dubi rayuwar Nadhim Zahawi.

Bakurde ne, an haife shi a Bagadaza a 1967, iyayensa suka gudo da shi Ingila yana yaro, ko Turanci ba ya ji. Shekara 12 ya yi yana kansila a Wandsworth, wani yanki na birnin Landan, daga 1994 zuwa 2006, a ciki har ya nemi majalisa a 1997 ya sha ƙasa. A 2000 shi da abokinsa suka kafa YouGov, kamfanin jin ra'ayin jama'a, nan ya yi arziki. A 2010 ya ci kujerar ɗan majalisar dokoki ta mazaɓar Stratford-on-Avon a tutar jam'iyyar Conservative, daga nan likkafa ta yi ta gaba: ministan rigakafin korona, ministan ilimi, ministan kuɗi na wata biyu a 2022, sai shugaban jam'iyya.

Haraji ne ya kayar da shi. Yana kan kujerar ministan kuɗi ya sasanta da hukumar haraji ta HMRC kan hannun jarin YouGov, rahotanni suka ce abin da ya biya haɗe da tara ya kusa fam miliyan 5. Shi dai ya ce sakaci ne, ba ganganci ba. Amma bai bayyana maganar yadda ƙa'idar ministoci ta tanada ba, ranar 29 ga Janairun 2023 firaministan lokacin, Rishi Sunak, ya sallame shi. Mutumin da hukumar take ƙarƙashin ma'aikatarsa ke nan, balle mai tasi ko mai ɗan shago.

Mun san da yawanku sana'ar kanku kuke yi, wasu kuma na da gidan haya a nan gida, kuɗin da shi ma ake iya tambayarsa a can. Ku adana rasit, ku nemi akanta. Ranar ƙarshe ta cike takardar haraji ta intanet ita ce 31 ga Janairu, wanda ya makara tarar fam 100 ce ta farko. Duk mai niyyar takara ya sanar da shugaban reshensa kafin taro mai zuwa.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya