Amsa ga mai tambaya kan D&D da GURPS

Assalamu alaikum ƙanena,

Ka tambaye ni a bainar jama'a wai tsakanin Dungeons & Dragons (D&D) da GURPS, wasannin nan da ake zama a tebur kowa ya ɗauki jarumi a cikin labari ana jefa ɗan lido, wanne ya fi kama da rayuwar zahiri, kuma wai ko wasan da littafin dokokinsa ya fi kauri shi ne ya fi gaskiya. Toh ga amsa, ita ma a bainar jama'a.

Ta farkon dai GURPS ne ba ko tantama. D&D tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka a 1974 bai taɓa damuwa da gaskiya ba, wasan jarumta ne kawai. Duba bugun 2014, in jaruminka ya faɗo daga sama kowace ƙafa 10 ɗan lido ɗaya mai fuska shida ake jefawa, kuma ba a wuce 'yan lido 20, kenan komai tsawon dutsen barnar ba ta haura maki 120. Mayaƙin da ya yi nisa a matakai yana iya fin haka a makin rai, wato makin da in ya ƙare jarumi ya faɗi, sai ya faɗo daga kan tsauni ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya yi barcin awa takwas, da safe garau kamar ba shi ba. Wallahi ni abin yana ba ni dariya, amma da gangan suka yi shi haka.

GURPS kuwa, na Steve Jackson, 1986, talakan mutum makin ransa 10 ne, kowane juyi a faɗa daƙiƙa ɗaya ce tak, in an sare ka raɗaɗin ma sai ya rage maka ƙwarewa a juyi na gaba. Sannan 'yan lido uku ake jefawa a haɗa, shi ya sa 10 ko 11 ke fitowa sau ɗaya cikin huɗu, 18 kuma sau ɗaya cikin 216. A D&D ɗan lido ɗaya ne mai fuska 20, komai gwanintarka da takobi sai ka kuskure sau ɗaya cikin 20. A GURPS gwani yana aiki kamar gwani, kuskurensa sai jefi-jefi.

Tambayarka ta biyu ce ban yarda da ita ba sam. Ga wani wasan nan, Rolemaster, kowane makami da jadawalinsa, a jefa a duba, a sake jefawa a duba wani jadawalin don a san ko gwiwa ce ta karye ko kunne ya fita, faɗan da bai kai minti ɗaya ba a labari sai ya cinye muku rabin zama, mutane sun koma danna waya, tsoron da ake ji tun farko duk ya huce. Bayani ne ya yi yawa, ba gaskiya ba.

Yanzu ɗauko wasan Call of Cthulhu na 1981. Ƙwarewarka kaso ce cikin 100, ka jefa, in bai wuce lambarka ba ka ci, shi ke nan fa. Amma makin ranka ba ya ƙaruwa don ka daɗe kana wasa, harsashi ɗaya na iya kai ka ƙasa. Sai ka ga 'yan wasa suna lallashin mai bindiga, suna neman ƙofar baya, wani ma ya ranta a na kare ya bar abokansa. Abin da mutum mai jini a jika zai yi kenan, kuma dokokin da suka jawo haka ba su kai rabin na Rolemaster ba. Ni da wannan nake auna gaskiyar wasa, shin mai jarumin yana tsoron wuƙa ko ba ya tsoro.

In abokanka sababbi ne kar ka jibga musu manyan littattafan GURPS a zaman farko, guduwa za su yi. Akwai GURPS Lite, shafi 32 ne kuma kyauta yake, ku fara da shi, ka ajiye dokar saran gaɓa-gaɓa sai ranar da wani ya ce shi hannu yake so ya sara.

Naka,
Yayanka a harkar