Wasiƙa daga New Orleans: na ga Sardauna a laccar kiɗan jazz

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya jikin Baba? Allah Ya ƙara masa sauƙi. Ka yi mini afuwa da shirun da ka ji, hidima ce ta sha kaina.

Wani abu na gani da na kasa barinsa a cikina. Tun watan jiya nake zuwa sauraron laccocin tarihin kiɗan jazz a gidan tarihinsa da ke nan garin, cikin tsohon ginin da a da ake buga kuɗi. Ka san ni, da can hayaniyar ƙahoni kawai na ɗauke shi. Wani maƙwabcina ne ya matsa mini, na bi shi don kunya, yanzu kuwa ni nake riga shi shiri.

Ranar farko wata dattijuwa baƙar fata ce ta yi bayani, ta fara da wani fili da ake kira Congo Square. A 1817 hukumar gari ta kafa doka cewa nan kaɗai bayi za su riƙa taruwa, ranar Lahadi da yamma. Yini guda suke da shi a mako, a cikinsa za su ci kasuwa, su kaɗa ganga, su yi rawar da suka taho da ita daga gida. Da aka tashi na taka har wurin. Fili ne shimfiɗe da duwatsu, ga manyan itatuwa sun yi masa rumfa. Wallahi na daɗe a tsaye ina tunanin waɗanda aka rabo da iyayensu, harshensu ma aka raba su da shi, sai kiɗan ya rage musu. Da ta sa mana wani tsohon faifai, mai ƙaho ya jefa, sauran suka karɓa, nan take kunnena ya gane: mawaƙi ne da 'yan amshinsa.

Har jana'izarsu ta yi mana bayani, wadda ake raka gawa da busa. Mu dai ba mu san haka ba, kuma har yanzu raina bai saba da shi ba. Amma da na ji tushen abin sai na sassauta. Kamfanonin inshora ne suka ƙi karɓar baƙaƙen fata, su kuma suka kafa ƙungiyoyin taimakon juna, kowa na zubi kamar adashi, domin in ta Allah ta kasance a binne mutum cikin mutunci.

To, ga abin da ya sa na zauna rubuta maka. Makon da ya wuce kan Louis Armstrong, shahararren mai busa ƙahon jazz, aka yi magana. An haife shi a garin nan a 1901 cikin talauci. Yana ɗan shekara 11 ya harba bindiga sama a daren sabuwar shekara, aka kai shi gidan horon yara, a can ya samu malamin da ya koya masa busa. Ƙahon nasa na farko yana nan cikin gilashi, na gan shi, ya sha jiki. Ana cikin nuna hotuna da majigi sai ga babbar riga da rawani sun cika bango. Gabana ya faɗi. Sardauna ne, Sir Ahmadu Bello, tare da Armstrong a Kaduna a 1960, shekarar da muka samu 'yancin kai. Ban san lokacin da na ce "Allahu Akbar" ba, har na kusa da ni suka waiwayo.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne, a daidai lokacin da Amurka ke tura shi ƙasashenmu yana wanke mata suna, jiharsu ta Louisiana ta yi doka tun 1956 da ta hana baƙi da fari hawa dandamali ɗaya. Ƙungiyarsa kuwa gauraye take. Ya ƙi korar kowa, ya ƙaurace wa wasa a garin haihuwarsa har 1965. A 1957 ma, da aka tare yara baƙaƙe tara a ƙofar makarantar fararen fata a garin Little Rock, ya fito fili ya caccaki shugaban Amurka Eisenhower, ya fasa zuwa Tarayyar Sobiyet da sunan gwamnati. Mutumin da ake gani kullum cikin murmushi da farin hankici a hannu, ashe akwai zuciya a ƙirjinsa.

Alfarma ɗaya nake nema. Na tuna Baba ya yi aiki a Kaduna a zamanin Sardauna. In ya ji ƙarfin jikinsa, ka tambaye shi ko ya tuna zuwan wani Ba'amurke mai busa ƙaho, a ina aka yi wasan, kuma me mutanen gari suka ce. Ka ɗauki muryarsa a waya ka turo mini, ina so in kai wa dattijuwar nan ta ji da kunnenta.

Ka gaishe mini da Baba da kyau, da duk 'yan majalisa.

Naka har kullum,
Amininka