Godiya ga Ma'aikatan Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom

Assalamu alaikum.

Ni mai shagon fura da nono ne a Jos, kuma daga rugagen da ke kewaye da gari ake kawo mini madara kullum safiya. Da labari ya iso ni cewa shanun ɗaya daga cikin masu kawo mini suna ta yin ɓari, hankalina ya tashi, don dattawan Fulani sun ce alamar cutar bakkale ce. Ofisoshin da na fara zuwa, wani ya ce oga ba ya nan, wani ya ce in rubuto takarda, wani kuma tun ban gama bayani ba ya fara zancen na goro. Babu wanda ya ko buɗe robar madarar da na kai a duba.

Da wannan gajiyar na isa Vom, cibiyar da take aiki a wurin tun 1924. Allah ya haɗa ni da wata likitar dabbobi, ita ce dalilin wannan wasiƙa. Kujera ta fara ba ni, ta ce, "Malam, zauna ka faɗa mini tun daga farko." Da Hausa ta yi mini bayani, ba ta gaji da tambayoyina ba. Ta nuna mini yadda ake ɗiga wani magani mai launi a cikin madara, in da cutar sai zobe ya taso a saman man. Ta ce wannan gwajin somin-taɓi ne, sai an ɗebi jinin shanun kafin a tabbatar.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne jin cewa bakkale na kama mutum ta ɗanyar madara: zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumin dare, ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin maleriya ko taifod a banza. Ta ja kunnena cewa tsamin nono ba abin dogaro ba ne. A tafasa madarar, ko a riƙe ta a zafin digiri 63 a ma'aunin Celsius na minti 30, sannan a zuba irin kindirmo. Yara da masu ciki ne rabin masu sayen furata, shi ya sa ban ɗauki maganar da wasa ba.

Likita, Allah ya saka miki da alheri, ke da abokan aikinki.

Takaicina kawai, nonon da ake sayarwa a tashoshi da kasuwanninmu wa yake duba shi? A yi wa saniya allurar kashe ƙwayoyin cuta da yamma, a tatse ta da asuba a kai kasuwa. Wasu su tsinka madara da ruwan da ba a san daga inda aka ɗebo ba. Masu duba abinci kuwa, da yawansu rasit ɗin haraji kaɗai suke tambaya. Ina roƙon cibiyar ta riƙa turo mutanenta rugage da kasuwannin shanu, don ba kowace mai tallar nono ce za ta iya kuɗin mota zuwa Vom ba.

Naku,
Mai shagon fura da nono, Jos