Sikanin ba ya ganin cikin babban hanji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci kan wani kuskure da nake yawan cin karo da shi a aikina na ɗaukar hoton marasa lafiya. Mutum zai shafe watanni yana ganin jini a bayan gidansa yana cewa basir ne, in abin ya ishe shi ya je a yi masa sikanin, a shafa masa man nan mai sanyi a ciki, a goga na'ura, a miƙo masa takarda cewa hanta da ƙoda lafiya lau, ya koma gida hankali kwance, alhali inda jinin yake fitowa ba a ko leƙa ba.

Babban hanji tsawonsa kamar mita ɗaya da rabi ne, kuma zagaye ƙaramin hanji ya yi. Yana farawa daga ƙasan ciki ta dama, inda afendis yake rataye, ya haura zuwa ƙarƙashin hanta, ya ratsa ta ƙasan tumbi zuwa wajen saifa, sannan ya gangaro ta hagu, ya yi lanƙwasa a mara kafin ya miƙe zuwa dubura. Babban aikinsa shi ne tsotse ruwa daga abin da ya rage na abinci, don haka abin da ke ɓangaren dama ruwa-ruwa ne, na hagu kuwa ya riga ya daskare. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai: tsiron da ya fito a dama, inda hanjin yake da faɗi, yakan yi ta tsiyayar da jini a ɓoye har mutum ya rame ya ɗashe, na hagu kuwa, inda hanya ta tsuke, yakan sauya yanayin bayan gida ko ya toshe hanjin.

Shi sikanin yana aiki ne da wani irin sauti da kunne ba ya ji, irin wannan sautin kuma ba ya ratsa iskar da ke cikin jiki, ga shi babban hanji ba ya rabuwa da iska. Sikanin yana da amfaninsa, musamman wajen duba afendis ga yara da masu juna biyu, amma ƙaramin tsiro a cikin hanji sai ya wuce shi salin-alin. Hoton eksire yana nuna toshewa ko murɗewar hanji, inda ake ganinsa ya kumbura tim da iska. Na'urar CT, mai ɗaukar hoton cikin jiki daki-daki da hasken eksire, tana nuna kaurin bangon hanjin da ko cuta ta bazu zuwa hanta, na'urar MRI kuma, mai ɗaukar hoto da maganaɗisu, ta fi dacewa da ciwon dajin da ke kusa da dubura.

Wanda ya fi su ganin cikin hanjin shi ne kolonoskofi, wato siririyar roba mai kyamara da fitila da ake zurawa ta dubura har zuwa mafarinsa, kuma da ita ake tsinke tsiro nan take a kai shi ɗakin gwaji. Na san kunya da fargaba suna hana mutane da yawa, kuma gaskiya shan maganin wanke ciki a jajibirin ranar ya fi aikin kansa wahala. To amma irin wannan tsiro yakan ɗauki kimanin shekara 10 kafin ya rikiɗe ya zama ciwon daji, shi ya sa a Amurka ake fara binciken tun daga shekara 45 ko da mutum bai ji komai ba.

Roƙona ga duk wanda aka miƙa wa takardar sikanin bayan ya ga jini shi ne ya tambayi likita kai tsaye ko an ga cikin babban hanjinsa.

Wassalam,
Wani ma'aikacin ɗakin ɗaukar hoto